Karen maƙwabcinmu yana cikin wahala, ta ina zan ɓullo wa maganar?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Rikkos, katangarmu ɗaya da wani bawan Allah da ya ajiye kare saboda ɓarayi. Ni ba ajiyewar ce ta dame ni ba, yadda ake riƙonsa ne. Sarƙar da aka ɗaure shi da ita ko taku biyu ba ta kai ba, a jikin ƙarfen tankin ruwa, nan yake kashi nan yake kwana a kan siminti tsurarsa, kuma kun san sanyin Jos a wannan lokacin mu da ke cikin bargo ma ya muka ƙare. Cikin dare ba haushi yake ba, wani siririn kuka yake yi har asuba, wlh sai in kasa barci. Da rana kuma ƙuda sun cinye masa bakin kunnuwa duka biyu har jini na ɗiga, ya yi ta kaɗa kai yana susa da ƙafa, kwanon ruwansa kullum a kife, yara in sun taso daga Islamiyya su hau jifansa ta kan katanga.

Na yi wa maigidana magana ya ce ba ruwanmu kar in jawo mana rigima da maƙwabci a kan kare. Ni da matar gidan muna mutunci sosai, shi ya sa nake tsoron kar ta ga kamar na sa musu ido. Dan Allah ku ba ni shawara.

Ɗan Gangare:
Haba Hajiya, mutane na neman na garin kwaki ke kina ta kare?

Maman Biyu:
@Ɗan Gangare to ruwan sha da tsohon buhu nawa za su ci? Tausayi ai ba ya ƙarewa don an yi wa dabba.

Malamin Islamiyya:
'Yar uwa Allah ya saka miki, wannan abin da kike ji a ranki imani ne. Ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, wani mutum kuma Allah ya gafarta masa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare. Duk wanda ya ɗaure dabba to cinta da shanta sun hau kansa. Sannan masu ƙyamar ko kusantarsa, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne. Batun jifa kuma mu ne da laifi, gobe in sha Allah zan yi wa ɗalibaina magana.

Mai aikin dabbobi, Bukuru:
Bari in yi maganar ciwon tukuna don shi ne na gaggawa. Ƙudan nan masu cizo ne, jini suke sha, kuma ƙazantar wurin ce ke tara su, in ba a share kashin ana wanke wurin ba ko wane magani aka sa za su dawo. A wanke kunnen da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a tsane, a shafa basilin da kauri yadda ƙuda ba za su samu wurin sauka ba. Mai shi ne zai yi fa ba ke ba, kare mai ciwo ko uban gidansa yana iya kai wa cizo. Dan Allah kar a zuba masa baƙin mai ko fiya-fiya, mutanenmu na yawan yi, yana lasa ya mutu ko fatar ta ƙone. Kar a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. In an ga tsutsa a ciki ko wurin na wari to ya wuce na gida sai likitan dabbobi, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Jos, ga kuma Vom nan kusa da mu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke can tun 1924 take kuma a can ake yin allurar haukar kare. Ki tambaya ko an taɓa yi masa, daga wata 3 ake farawa a riƙa maimaitawa duk shekara. Da yaran nan da ke tsokanarsa abin tsoro ne, in ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a take, ciwon nan in alamunsa suka fito ba a tashi.

Hajiya Babba:
'Yata kar ki je da wa'azi, kar kuma ki tsallake maganar mijinki. Ki shiga wajen matar kamar hira, ki ce kukan karen nan na hana yara barci ko sanyi ne ke damunsa, ga tsohon bargo da katon ina da su ba na amfani da su. Daga nan sai ki kawo batun allura ki ce kina jiye musu ne kar ya ciji ɗan wani a kai su gaban 'yan sanda, namiji ya fi jin wannan. In mai gidan ya ƙi ji mijinki ya samu limamin layinku su yi maganar a tsakaninsu maza bayan sallah, ba a bainar jama'a ba.

Ɗan Pankshin:
Abu ɗaya zan ƙara, kar a matsa masa har ya ji haushi, wasu da an dame su sai su kira masu sayen karnuka a wuce da shi kasuwar karnuka da ke garin Dawaki. Ku nemi a ƙara tsawon igiyar, a sake shi cikin gida da dare in an kulle get, ai gadin ma sai ya fi yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa maigidan amsoshinku ya ce in je wajen matar, shi kuma yana da ragowar kwano da katako zai ba su a yi masa 'yar rumfa. @Mai aikin dabbobi dan Allah in sun yarda da allurar, dole sai an kai shi can ne ko ana samun mai zuwa gida? Don ban ga mai keken da zai yarda ya ɗauki kare ba.