Abin da masu jirgi suka ce kan gyaran kwale-kwalen faiba da ya tsage

Hira ta kai mu ga wannan batu a bakin kogi a Yawuri, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda cewa sai jirgi ya bushe ƙarau kafin a taɓa shi, don faiba, wato haɗin zaren gilashi da gam da ake yin jikin jirgin da shi, ba ta riƙe gam idan tana da laima. A huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan a goge gefenta a karkace, faɗin ya kai kaurin jikin jirgin sau 12. A share da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo, a jera ƙyallen faiba hawa-hawa, ana shafa rezin, wato gam ɗin da ke haɗe faiba, ana danne kumfar iska. Inda ya yi fari, bai sha rezin ba.

A kan irin rezin da za a sa aka yi gardama, foliyesta ko ifoksi. Wani dattijo ya ce foliyesta ta wadatar, ga araha, a zuba mata sinadarin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Matasa suka ce ifoksi ta fi kama tsohuwar faiba. Ni dai ina goyon bayan matasan idan tsagar tana ƙarƙashin ruwa.

A kwaɓa rezin kaɗan-kaɗan a inuwa, zafin rana na daskarar da shi tun a kwano. A sa takunkumi, ƙurar tana sa ƙaiƙayi.