Neman kalma: me za mu kira "reel" na masu fatsa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Agaji nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. An ba ni fassarar wani rahoto na minti shida da za mu saka a shirinmu na sana'o'in duniya, gobe kafin azahar za a ɗauka. Rahoton a kan wani dattijo ne a arewacin Ingila, sana'arsa gane tsofaffin "reel" na kamun kifi da gyara su. Abin nan ne da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa, mai hannu da ake juyawa zare ya naɗu, in an wurga kuma ya warware. Kalmar ta fito fiye da sau ashirin. In na ce "abin naɗe zaren kamun kifi" a kowane wuri, minti shidan ba zai ishe ni ba. Sannan a cikinsa akwai ɓangaren da zaren yake kwanciya a kai, dattijon yana ciro shi yana bayani, shi ma da sunansa daban. Kalma biyu ke nan nake nema.

Tela Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya ai kwarkwaro ne, ba sai an je nesa ba. Duk abin da zare ya naɗu a jikinsa a keken ɗinki ko a ƙoshiyar masaƙa, sunansa ke nan.

Maman Hanif: Na yi tunaninsa, Malam. To in na kira dukan abin kwarkwaro, na cikin fa?

Ɗan Sarkawa: Mu nan Yawuri ba mu gaji wanga abu ba, gaskiya ɗaya ce. Muna da birgi, da taru, da gura, da mamari mai ƙugiya da yawa, kuma zaren fatsa ga guntun icce ko ga gora muke naɗe shi. Amma da wasu baƙi suka zo bakin ruwa da irin sandar nan, yaranmu suna gani sai suka ce "fatsa mai keke". Ba wanda ya koya musu. Ki ce keken fatsa, masunci zai gane ki tun ba ki rufe baki ba.

Malam Mai Nahawu: Keke kuma? Keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu, yanzu keken fatsa. Duk abin da ya juya sai mu liƙa masa keke, kamar harshen ba shi da hanyar haifar da kalma. Muna da ƙirar sunan kayan aiki tun kaka da kakanni: buɗe ya ba mu mabuɗi, girba ya ba mu magirbi, auna ya ba mu ma'auni, tsefe ya ba mu matsefi. Naɗe zai ba mu manaɗi, jam'i manaɗai. Gajeriya ce, Hausa ce tsantsa, kuma ta faɗi aikin abin. Malama, ki rubuta manaɗi ki huta.

Ɗalibar Hausa: Allah ya gafarta Malam, ƙirar daidai take, amma a rediyo za a faɗe ta. Bambancin sunan mai aiki da sunan kayan aiki a karin sauti yake. In mai karatu ya ɗan kuskure, manaɗi ya koma mutumin da ke naɗi, kuma Bahaushe in ya ji naɗi, rawani da sarauta ne ke fara zuwa masa.

Malam Mai Nahawu: Sai mai karatu ya koyi karin sautinsa. Ba za mu bar kalma mai kyau saboda lalacin baki ba.

Baƙon Maraɗi: Mu nan wanda ya yi lakwal, wato boko, zai ce miki "muline", daga Faransanci, ma'anarta ɗan ƙaramin injin niƙa. Ban ce ki ɗauka ba, mutanen Kano ba su san ta ba. Na kawo ta ne don Malam ya ga su ma Faransawa aro suka yi daga wani abu mai juyawa da suka riga suka sani. Abin da yaran Yawuri suka yi ke nan.

Mai Gyaran Agogo: Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don abin ya shafi sana'ata fiye da yadda kuke zato. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara ƙera wannan abu masu agogo ne. A Amurka, a wani gari mai suna Paris a jihar Kentucky, George Snyder mai gyaran agogo ne ya yi suna a farkon ƙarni na 19 da irin wanda ke da giya a ciki, ka juya hannu sau ɗaya na cikin ya zagaya sau da yawa. Kamfanin ABU na Suwidin a 1921 da agogon aljihu ya fara, ya koma mitar tasi, sai da yaƙin duniya na biyu ya kashe kasuwar tasi sannan ya shiga kayan kifi, har ya fitar da samfurinsa mai suna Ambassadeur a 1952. Samfurin Mitchell 300 na Faransa ma a garin Cluses aka yi shi, garin masu agogo. Abin nufi, wannan na'ura ce mai haƙora da sifirin da birki. Naɗewa kashi ɗaya ne cikin uku na aikinta: tana sakin zare in an wurga, tana riƙe wa kifi in ya ja da ƙarfi don kada zaren ya tsinke, sannan ta naɗe. Manaɗi ya dace da guntun iccen da Ɗan Sarkawa ya faɗa. Wannan kuwa ya wuce nan.

Malam Mai Nahawu: Mabuɗi ma ai kullewa yake yi, ba buɗewa kaɗai ba, kuma ba wanda ya ce a sauya masa suna. Suna ba ya ɗaukar dukan aiki.

Ɗalibar Hausa: Wannan kam Malam ya yi gaskiya.

Tela Fagge: Tunda ana batun Hausa tsantsa, masaƙa suna da kalmarsu. Naɗe zare a jikin kwarkwaro tariya ake ce masa, shi ya sa zamanin kaset muke cewa a tariyo baya. Me zai hana matari?

Malam Mai Nahawu: Matari zai rikice da tare hanya. Manaɗi ba shi da wannan matsalar. Kuma bari in faɗi abin da ke damuna. Duk lokacin da aka kawo kalma a nan, sai a ce "abin da mutane ke faɗa". Su wa suka ce mutane ba sa koyon sabuwar kalma? Kafin rediyo ta dage, wa ke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ko majalisar ɗinkin duniya? Masu fassara ne suka zauna suka ƙera, jama'a suka karɓa. Yau gidajen rediyo sun zama masu bin bakin tasha. Keken ma da kuke tinƙaho da shi daga Yarabanci muka aro shi.

Mai Gyaran Agogo: Agogon da nake ci da iyalina da shi ma daga can ya zo, Malam, haka ashana. Ban taɓa jin wanda ya ce ba Hausa ba ne.

Ɗan Sarkawa: Malam, da girmanka, kalmar "bakin tasha" ta yi mini zafi. Mu da ke cikin ruwa tun asuba, in ana maganar kayan kifi ba mu ne baƙi ba. Ko bikin Argungu da ake alfahari da shi, koma da gora ne a hannun masunta, kuma sunayen nan ba a aji aka raɗa su ba. In za a yi wa kayan sana'armu suna, a tambaye mu.

Malam Mai Nahawu: Ban nufe ka ba, ɗan uwa, kuma in maganar ta soke ka ka yafe ni. Amma kai da bakinka ka ce ba ku gaji abin ba. Abin da ba a gada ba, kowa baƙo ne a kansa.

Ɗalibar Hausa: Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. In kowane mai fassara ya ƙera tasa, wannan tasha ta ce manaɗi, waccan ta ce keken fatsa, ta Nijar ta ce muline, shekara goma masu zuwa ɗalibi zai buɗe ƙamus ya rasa wadda zai kama.

Maman Hanif: Don Allah malamai a dawo kaina, sha ɗaya ta wuce. Ga jimlar da ta fi ba ni wahala. Dattijon yana riƙe da wani na kamfanin Hardy da ke garin Alnwick, samfurin da ake kira Perfect, wanda ya fito a 1891. Yana cewa kafin ya taɓa komai sai ya kwance shi ya ciro na cikin, ya duba haruffan da aka buga a ƙarfen, don maƙeran kamfanin sukan buga farkon sunansu a ciki, da su da fasalin hannun da irin ƙarfen ake gane zamanin da aka yi shi. Ku gwada mini kalmominku a wannan jimlar.

Tela Fagge: "Sai ya kwance keken, ya ciro kwarkwaron, ya duba hatimin maƙerin." Kin ji yadda ta zauna. Kamar ina yi wa yarona bayanin keken shago.

Malam Mai Nahawu: "Sai ya kwance manaɗin, ya ciro kwarkwaron." Ita ma ta zauna. Kwarkwaro dai na yarda da shi a na cikin, ba ni da ja.

Mai Gyaran Agogo: Kwarkwaro ya ma fi dacewa fiye da yadda Tela ya sani. Alfred Illingworth, wanda ya yi rajistar irin da na cikinsa ba ya juyawa lokacin wurgi a 1905, ɗan gidan masu masaƙa ne a garin Bradford na Ingila. Zaren sai ya riƙa zarewa ta bakin kwarkwaron, kamar yadda yake yi a masaƙa. Amma Hajiya, kalmar da nake jiye miki ita ce "gyara". Bahaushe in ya ji an gyara tsohon ƙarfe, zai ɗauka an goge shi ya yi ƙyalli kamar tasar amarya. A wajen masu tara irin waɗannan kaya, wannan ɓarna ce. Duhun da shekaru suka sa wa tagulla shi ne shaidar tsufanta, wanda ya kankare shi ya zubar da darajar kayan a gwanjo. Aikin na ciki ne: a jiƙa sassan ƙarfen da kananzir tsohon giris da ya daskare ya narke, a wanke boris, a duba sifirin da ɗan harshen da ke yin ƙaras-ƙaras, a ɗiga mai kaɗan. Sukundireban ma sai wanda ya cika bakin kusar daidai, in ba haka ba ya tauna ta, kuma ba inda za ka samo irinta. Koren nan da ke fitowa a tagulla shi ake cirewa a hankali, don ci yake yi. Waɗanda aka yi gefensu da baƙar roba mai tauri kuwa, ruwan zafi da rana suna koɗar da su. Na sha ganin agogon kaka da jika ya sa aka goge har rubutun bayansa ya shafe.

Maman Hanif: Wallahi ka taɓo inda na tsaya. Dattijon yana da kalma ɗaya ta wannan duhun, ni kuma na rubuta "tsatsa".

Mai Gyaran Agogo: A'a, kada ki ce tsatsa. Tsatsa cuta ce, wannan ado ne. Ni "dafuwar ƙarfe" nake ce wa masu kawo mini aiki.

Ɗalibar Hausa: Dafuwa za ta kai hankali ga wuta da maƙera. "Launin tsufa" fa?

Malam Mai Nahawu: "Rinin zamani."

Ɗan Sarkawa: Zamani ai sabon abu za a ɗauka, Malam.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan yi. A farkon rahoton zan ce "keken fatsa, wato manaɗin zaren da ake ɗaurawa a sandar kamun kifi", daga nan in ci gaba da keken fatsa, jam'i kekunan fatsa. Na ciki kwarkwaro. A maimakon gyara zan ce "raya tsofaffin kekunan fatsa", in bar gyara a inda ya taɓa sifirin da boris. Duhun tagullar zan sa "launin tsufa" don ba ni da lokacin da zan tsaya bayani, ko da yake bai kwanta mini sosai ba.

Malam Mai Nahawu: Kin sa manaɗi a matsayin ɗan rakiya. To, ya fi babu. Amma ni a ajina manaɗi zan koyar, kuma ina roƙo ki faɗe shi da karin kayan aiki, irin na mabuɗi.

Mai Gyaran Agogo: Hajiya, abu ɗaya kafin ki kwanta. In dattijon ya ambaci "azurfar Jamus", kada ki ce azurfa kawai. Babu azurfa ko ɗigo a cikinta, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki.

Maman Hanif: Ya ambata, sau biyu. Yanzu zan koma in gyara.