Yaya zan hana cajin kwamfutar hannuna zama a 100 duk yini?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu gyaran waya da kwamfuta.

Ina da kwamfutar hannu ta Android da nake rubuta lissafin shago a kanta, kuma daga safe har dare tana jone da caja, saboda wutarmu ba ta da tabbas. Yanzu bayanta yana yin zafi sosai da rana, murfin kuma ya ɗan ɗago ta gefe ɗaya, har in na ajiye ta a kan tebur ba ta zama daidai.

Na san batirin litiyam yana da 'yar na'urar da ke yanke wuta in ya cika. Abin da ke cinye shi shi ne daɗewa a 100 ga kuma zafi, balle a watan Afrilu da shago ke zama kamar tanda. Wasu na'urorin Samsung suna da wurin da ake tsayar da caji a 80 ko 85, amma na bincika saitin tawa kaf, babu shi. Na sa AccuBattery, wata manhajar lura da batiri, ita kuwa ƙarar gargaɗi kawai take yi in caji ya kai 80, ba ta yanke shi, kuma in ciniki ya yi yawa ko ji ba na yi.

Akwai hanyar tsayar da cajin ba tare da an fasa tsaron manhajarta ba? Soket mai agogo, wanda ke kunnawa ya kashe da kansa, zai wadatar? Sannan ɗagowar murfin nan ita ta fi damuna: batirin ne ya kumbura? In haka ne, in daina jona ta har sai an canza shi? Don Allah a taimaka mini, duk lissafina yana cikinta.