Guy Lewis: gwanin koci ne, ko sa'ar 'yan wasa ya yi?

Nura: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakata. Guy Lewis, tsohon kocin ƙwallon kwando na Jami'ar Houston, ba gwani ba ne, Allah ne ya haɗa shi da yara masu baiwa. Shekara 30 yana riƙe da ƙungiyar, daga 1956 zuwa 1986, sau biyar yana kai ta zagayen 'yan huɗu na gasar NCAA, wato gasar jami'o'in Amurka, amma ko sau ɗaya bai ɗaga kofi ba. Mutumin da yake da Hakeem Olajuwon da Clyde Drexler a lokaci guda fa!

Malam Habu: Nura, yi a hankali. Hakeem ɗin da ya taso daga Legas a 1980 ɗanye ne sharaf. Tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana taɓa ƙwallon hannu, bai daɗe da fara kwando ba. Kakar farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Zuwa 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, Michael Jordan ya zo na uku. A hannun wa ya yi waɗannan shekarun?

Nura: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ai Moses Malone, tauraron NBA na lokacin, shi ne ya gasa shi a wasannin hutu da suke yi a garin Houston.

Bilkisu: Malone ya taimaka, ba musu. Amma kullum safiya wa yake tsaye a kansa?

Nura: To mu zo 1983, Anti Bilki. Houston ce ta ɗaya a ƙasar, ta zo wasan ƙarshe da Jami'ar NC State da kowa ya raina. An tafi hutun rabin lokaci NC State na gaba 33 da 25, Drexler ya riga ya kwashi keta huɗu, saura ɗaya a kore shi, saboda koci ya bar shi a fili. Suka dawo suka zuba maki 17, abokan karawa na da 2 kacal. Daidai lokacin da wuta ta kama, sai Lewis ya ce a rage gudu, a riƙe ƙwallo. Ƙungiyar da duk ƙarfinta gudu ne da tsalle! NC State ta ci 54 da 52, ɗan wasanta Lorenzo Charles ya cafe jifan abokinsa Whittenburg da bai kai ba, ya luma a kwando.

Sadiƙu: Nan kam Yaya Nura ya kama gaskiya. Jim Valvano, kocin NC State, ya fi shi lissafi a daren.

Malam Habu: Barin Drexler a fili kuskure ne, ban kare shi ba. Rage gudun kuwa da dalili. A Albuquerque aka yi wasan, gari ne a kan tudu, iskarsa ba ta ƙosar da huhu. Hakeem sai da ya koma benci yana shaƙar iskar oksijin. A lokacin kuma babu agogon da ke tilasta jifa a gasar, duk kocin da ke gaba yana iya jan lokaci. Abin da ya kashe su shi ne jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta: NC State ta riƙa yi musu keta da gangan, su kuma suna zubarwa. Koci ba ya shiga fili ya jefa maka.

Nura: Amma shi ke koyar da jifan, Malam. A 1984 ma Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75.

Bilkisu: Ku kuna ta kofi, ni abin da ya fi tsaya mini a rai 1964 ne. A kudancin Amurka na wancan zamani, makarantu da yawa ba sa saka baƙar fata a ƙungiya. Lewis, farar fata ɗan wani ƙaramin gari a gabashin Texas, ya je Louisiana ya ɗauko Elvin Hayes da Don Chaney. Shi ne kuma ya dage sai an yi wasa da Jami'ar UCLA a filin Astrodome a Janairun 1968. Mutum sama da 52,000 suka shiga, aka nuna a talabijin a faɗin ƙasar. Houston ta ci 71 da 69, Hayes shi kaɗai 39, aka tsinke wa John Wooden, kocin UCLA, wasa 47 da ya jera ba a doke shi ba.

Sadiƙu: Anti, kar a manta tauraron UCLA Lew Alcindor, wanda ya zama Kareem Abdul-Jabbar, da ciwon ido ya buga. Da suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe a shekarar, 101 da 69 UCLA ta yi musu.

Bilkisu: Ƙanena, wa Wooden bai lallasa ba a shekarun nan? Kofi 10 ya ɗauka.

Malam Habu: Wasa 592 Lewis ya ci. Hayes, Drexler da Hakeem duk suna cikin gwanaye 50 da NBA ta zaɓa a 1996. Sa'a sau ɗaya na yarda, amma uku, tsakanin na farko da na ƙarshe kusan shekara 15?

Nura: To me ya sa zauren Naismith na girmama gwanayen ƙwallon kwando bai karɓe shi ba sai 2013, yana da shekara 91? Su ma sun ga abin da na gani.

Malam Habu: Ɗalibansa uku sun riga shi shiga, su ne kuma suka yi ta ƙorafi a kan jinkirin. Ya rasu a 2015.

Nura: Na yarda ya iya gano yaro, ya iya rainonsa. Iya karanta wasa a minti biyar na ƙarshe ne ban ba shi ba, kuma Malam bai kawo mini wasan da ya nuna hakan ba.

Malam Habu: Nemi wasansu da Louisville, kwana biyu kafin na NC State. Louisville na gaba a rabin farko, amma Houston ta ci 94 da 81. Kalle shi tukuna, sai mu ɗora bayan isha'i.