Na yi wa Ubangiji wa'adi, ga kasuwata tana zubewa: ku ba ni shawara

Maman Uku, Aboabo:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Na daɗe ina karanta maganganunku ban taɓa tsoma baki ba, yau dai abin ya sha mini kai. Ku yi haƙuri da tsawon zance.

Hatsi nake sayarwa: wake, masara, gero, wani lokaci gyaɗa. Daga Ejura da Techiman ake kawo mini kaya. Da a Central Market ta Kumasi nake, da aka tashe mu saboda sabon gini na koma Racecourse. Maigidana direban babbar mota ne, Tema zuwa Wagadugu, sai mu yi sati biyu ba mu sa shi a ido ba. 'Ya'yanmu uku, babbar bana za ta zana BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Bara autana ya kwanta ciwo, kwana 11 muna asibiti, har likita ya daina kallon idona in yana magana. A daren nan na durƙusa a bayan ɗakin marasa lafiya na ce, Ubangiji, in ka tashe mini yaron nan, sauran raina naka ne, ba rabi ba, duka. Ya tashi. Yanzu haka yana waje yana buga ƙwallo da takalmin makaranta.

Tun daga nan ba abin da ake yi a coci da ba na zuwa. Litinin zumuntar mata, Laraba nazarin Littafi, Juma'a addu'ar kwana har asuba, Asabar sharar majami'a, Lahadi sujada biyu. A Janairu na yi azumin kwana 21 da aka sa. Sai in rufe rumfa ƙarfe uku, lokacin da masu dafa abincin sayarwa suke zuwa sayen na gobe. Sun koma wajen maƙwabciyata, ban ga laifinsu ba. Mai kawo mini wake yana bina kuɗin buhu huɗu. Yara kuwa wajen Hajiyar gidanmu suke kwana ran Juma'a, Allah ya saka mata, ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Satin da ya wuce barci ya kwashe ni a addu'ar kwana. Wata babba a zumunta ta taɓa ni ta ce, mai rabin zuciya ke barci a gaban Allah. Na koma gida ina kuka. Shin in bar kasuwar ne gaba ɗaya? In na rage zuwa coci, na ci amanar wa'adina ke nan? Tsorona kada ciwon yaron ya dawo.

Ɗan Kwaya, Asawase:

Mama, kada ki ja da baya. Mai Wa'azi sura 5 ta ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. Bitrus da Andarawus taru suka bari a bakin teku, ba su tsaya lissafin kifi ba. Wannan bashin da gajiyar duk gwaji ne. In da hali ki hau dutsen Atwea, inda ake zuwa addu'a, ki yi kwana uku, za ki dawo da amsa.

Nas, Tafo:

Ƙanina, Bitrus ba shi da 'yar da za ta zana jarrabawa uban yana kan hanyar Paga. Yaya, ni ta fannin jiki zan yi magana. Mace mai tashi ƙarfe huɗu, ta wuni tana ɗaga buhu, ta kwana a tsaye, dole barci ya sace ta. Wannan gajiya ce kawai, ba ta shafi zuciya ba. Ciwon yaro kuma ba ya dawowa don uwarsa ta fasa taron Laraba. Ki riƙa kai shi duba lafiya ranar da aka rubuta miki, ki sa shi kwana cikin gidan sauro.

Baba Katikis mai ritaya, Sabon Zongo:

'Yata, sannu. Na karanta sau biyu, na cire tabarau na sake sawa.

Fara da tsoron nan, don shi ne ya fi damuna. Kina magana kamar kin karɓi yaron bashi ne, ana jira ki makara a zo a ƙwace jingina. Ubangiji ba ɗan adashi ba ne. Alheri ya yi miki. Wa'adinki godiya ce, kuma godiyar da ake yi da rawar jiki don tsoron bulala ta zama wani abu dabam.

Akwai wata uwa da ta yi irin wa'adinki, Hannatu, a 1 Sama'ila sura 1. Da aka ba ta ɗan, mijinta Elkana ya tashi zuwa Shilo yin hadayar shekara, ita ta ƙi tafiya. Ta ce sai ta yaye shi. Ta zauna gida tana shayarwa, ana can ana sujada ba ita. Littafi bai kira ta mai rabin zuciya ba, kuma da lokaci ya yi ta cika abin da ta faɗa.

Sannan ki duba Markus 7. Yesu ya tsawata wa waɗanda suke cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah, wai korban ne, su bar tsofaffi da yunwa. Kuɗin buhu huɗun nan na mai wake ne. Daren Juma'a na 'yarki ne, wadda take bukatar wanda zai zauna kusa da ita tana karatu ko da uwar ba ta san lissafin ba. Ba a ɗaukar kayan wani a kai bagade.

Bari in yi ɗan tarihi, tsufa ne. 'Yan mishan na Basel, da suka fara sauka Osu ta Accra a 1828, ba wa'azi kaɗai suka kawo ba, daga baya sun buɗe wuraren koyon kafinta da ƙira da gini. Tetteh Quarshie, wanda ya shuka koko a Mampong ta Akuapem a 1879, ƙira ya koya a hannunsu. Ramseyer, ɗan mishan ɗinsu wanda cocin Adum ke ɗauke da sunansa, Asante sun kama shi a 1869, ya zauna tsare a garin nan har 1874, ya kuma dawo da ƙafarsa a 1896. Shekarun nan na tsare ba shi da 'yancin kansa, ga mata ga wahala. Wa zai ce zuciyarsa rabi ce a lokacin?

Ban ce ki daina zuwa coci ba. Na yi shekaru ina buga ƙararrawa, na san zafin benci ba kowa. Amma mu shugabanni muna da laifi: mun cika mako da taro har mai bi ba ya samun wurin da zai yi bin.

Makanike, Suame Magazine:

Baba ya gama magana, ni shaida kawai zan ba da. Akwai lokacin da ba a yin addu'ar kwana ba ni, ni ne mai ganga. Gari ya waye Asabar in wanke tsohon famfon mai da fetur, in sa shi a kwalin sabo, in karɓi kuɗin sabo. Lahadi in cire ushiri daga ciki, raina fes. Ranar da wani direban trotro, motar haya, ya dawo mini da motarsa a kan igiya, ya ce Maigida, ai don na ji kana waƙar coci na yarda da kai, ban iya cin abinci ba. Kolosiyawa 3:23, inda aka ce duk abin da kuke yi ku yi da zuciya ɗaya kamar Ubangiji kuke yi wa, bayi Bulus yake rubuta wa, masu wanke-wanke da noman wani. Ba su da ikon zuwa taro sau biyar a mako ko sun so.

Inna Mai Gero, Alabar:

Ƙanwata, ni ma hatsi nake sayarwa, na girme ki a sana'ar. Tambaya ɗaya gare ni, in kin ga dama ki amsa, in ba ki ga dama ba ki amsa wa kanki. Olonka, gwangwanin awon hatsi, nawa gare ki a rumfa?

Maman Uku, Aboabo:

Inna, kin same ni. Na rubuta na goge ya fi sau uku.

Biyu ne. Ɗaya ta saye, cikakkiya, da ita nake karɓar kaya in mutanen ƙauye sun kawo. Ɗaya ta sayarwa, an ɗan buga gindinta ciki. Haka na gada wajen wadda ta koya mini, haka na ga ana yi, ban taɓa ɗaukarsa zunubi ba. In wake ya fara ƙwari kuma nakan gauraya shi da sabo in sa mai kyau a sama. Duk azumin nan na Janairu da wannan olonkar nake awo, bakina a bushe ina waƙa a zuci. Ko sau ɗaya ban kawo abin cikin addu'a ba. Kai, jama'a.

Ɗan Kwaya, Asawase:

Mama, Allah ya ba ki ƙarfi, wannan ba ƙaramar magana kika faɗa ba. Na karɓi gyara a kan barin kasuwa. Amma ina roƙo kada a mai da zancen nan hujjar zaman gida. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu fasa taruwa. Na san waɗanda suka fara da cewa aikina ne sujadata, yau sai Kirsimeti da jana'iza ake ganinsu.

Baba Katikis mai ritaya, Sabon Zongo:

Ɗana, gaskiyarka, garwashin da aka ware shi ke fara mutuwa. Ta riƙe Lahadi, ta riƙe zumuntar mata tunda can ne za a san in ta faɗi. Sauran ta je wajen fasto da kanta, ko matarsa in ta fi sakewa da ita, ta faɗi dalili, kada ta ɓace shiru a yi ta zato. Da asuba kafin ta fita, ta tara yaran ko minti goma ne, Zabura ɗaya, addu'a gajera.

'Yata, a kan olonka ba sai na yi dogon wa'azi ba. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, Maimaitawar Shari'a 25 kuma ta hana ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. Kamar an leƙa rumfarki aka rubuta. Kin ce duka, ba rabi ba. To ga inda rabin ya ɓuya.

Inna Mai Gero, Alabar:

Kada ki yi ta kuka, ni ma biyu gare ni har shekarun baya, shi ya sa na san inda zan taɓa. Bari in gaya miki yadda abin yake, don kada ki ce ba a faɗa miki ba.

Ribar da ke cikin bugaggen gindin nan ba kaɗan ba ce. A buhu guda sai ki tsira da olonka biyu ko uku da ba naki ba, kuma sau da yawa ita ce ribar taki duka bayan kuɗin mota da na 'yan kayaye masu dako da tikitin kasuwa. In kin koma cikakkiya a tsohon farashi, faɗuwa za ki yi, ga bashi a kanki. Sai ki zauna ki auna buhu da olonkar gaskiya, ki ga nawa yake bayarwa, ki raba kuɗin, ki ɗora ribarki a fili. Farashinki zai ɗan fi na maƙwabta. Masu wucewa za su tambaya su wuce, wata biyun farko sai kin daure. Ki kuma sanar da shugabar masu hatsi ta layinku tun da wuri, cikin ladabi, kada a ce kin zo tona asirin mutane. Kada ki yi wa kowa wa'azi a kai. Ni da na yi, sai da aka yi wata uku ba a amsa gaisuwata.

Waɗanda za su riƙe ki su ne masu waakye, wato shinkafa da wake, da koko da ƙosai. Su suna sake awo a gida, sun san tukunyarsu, sun daɗe da sanin wa ke rage musu, shiru kawai suke yi don ba su da zaɓi. Waken da ya yi ƙwari ki ware shi gefe, ki faɗa, ki rage kuɗi, akwai masu saye. Mai bin ki bashi kuma kada ki ɓuya masa, ki kira shi ki yanka abin da za ki riƙa tura masa ta momo, kuɗin waya, duk mako, ko kaɗan ne kada ya yanke. Rumfa kuwa a daina rufe ta ƙarfe uku.

Maman Uku, Aboabo:

Na gode, Allah ya saka wa kowa. Na kira maigidana yana Bolga na karanta masa duka, ya yi shiru ya ce dama yana jin nauyin faɗa mini ne kada in ce yana hana ni bin Allah. Juma'ar nan ina gida da yara. Matar fasto zan gani bayan sujada.

Saura abu ɗaya. Na tuna Zakka mai karɓar haraji da ya ce zai mayar ninki huɗu. Ni ban san adadin mutanen da na auna wa ba, yawancinsu ko fuskarsu ban riƙe ba. Amma akwai wata mai waakye, Musulma ce, shekara shida tana saye a wurina, ko da na riƙa rufewa da wuri ita takan zo da rana don ta same ni. Gobe za ta zo. In faɗa mata, ko in gyara awo kawai in yi shiru?

Inna Mai Gero, Alabar:

Ki faɗa mata, amma ba a gaban mutane ba. Ki ja ta bayan buhuna, ki ajiye olonkar biyu a gabanta, ki cika ƙaramar ki juye cikin babbar ta gani da idonta. Ninki huɗu ba ki da shi yanzu, kada ki yi alkawarin da zai zama wa'adi na biyu. Ki ce duk awo goma za ki ƙara mata ɗaya har shekara ta zagayo. Mai yiwuwa ta yi faɗa, mai yiwuwa ta yi dariya ta ce ta sani tuntuni. Tawa cewa ta yi, yau kika gani? Ki rubuto mana abin da ta ce.