Kisan gidan Road Hill: Constance ita kaɗai ce?

Zainab: Na kalli fim ɗin gidan talabijin na ITV na 2011 kan kisan gidan Road Hill a Ingila. A watan Yuni 1860 aka tsinci Saville Kent, ɗan shekara 3, an yanka shi an jefa a masai. Yayarsa Constance, 'yar ubansa mai shekara 16 lokacin kisan, ta amsa laifin a 1865. Ni na ce ƙanenta William take rufa wa asiri.

Malam Bashir: Haba ƙanwata. Yarinya ta je da ƙafarta ta gaya wa limamin coci a Brighton cewa ita ce, ba wanda ya matsa mata. Me kuma ake nema?

Zainab: Malam, duba aikin dai. A ɗauke yaro a ɗakin da mai raino take barci, a naɗe shi a bargo, a gyara shimfiɗar, a sauko da shi, a fita ta tagar falo cikin duhu. Hannu biyu kacal?

Anti Rabi: Ku bar batun taga. Uwar Constance da William ta rasu a 1852, shekara na zagayowa uban ya auri malamar da ke koya musu karatu a gida, ita ta haifi Saville. Duk wanda ya tashi hannun matar uba ya san wannan zafin. Kuma ba Constance kaɗai ta sha shi ba.

Malam Bashir: Jin zafi daban, ɗaukar reza daban, Hajiya.

Zainab: To a 1856 fa? Tare ita da William suka gudu garin Bath, ta yanke gashinta ta sa kayan maza, ta zuba gashin a wannan masan dai. Ɗan sandan ciki Whicher, da ya kama ta saboda rigar barcinta da ta ɓata aka yi masa ca, shi ma ya zargi William.

Malam Bashir: Zargi kawai. Ba a taɓa gurfanar da William ba.

Zainab: Ai da ta amsa laifi a kotu ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Wa ya amfana?

Anti Rabi: Ta yi shekara 20 a kurkuku, ta bi William Ostareliya, ta sake suna, ta rasu a 1944 tana da shekara 100.

Malam Bashir: Wanda ya fito daga kurkuku wurin wa zai nufa in ba ɗan'uwansa ba?