Sigar -ing ko sigar "to": muhawarar malaman Ingilishi na Tawa

Malam Abdu: Jama'a, abin ya ishe ni. Yara masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, shekara 4 suna Ingilishi, har gobe suna rubuta "I enjoy to read" da "he finished to eat". Babu wata ƙa'ida tsakanin sigar -ing da sigar "to". Hadda ce kawai.

Malama Hadiza: Malam, kalmar "hadda" ce ban yarda da ita ba. Bayan without, before, after da about, kullum -ing ke zuwa: "without eating". Ai wannan ƙa'ida ce. Faransanci ne ke jan yaranmu, "sans manger" shi ya haifi "without to eat".

Mushe Sani: Hadda dai. Want, decide, hope, refuse suna ɗaukar "to". Enjoy, avoid, finish, mind, suggest suna ɗaukar -ing. A jera su a allo goma-goma, a maimaita har su zauna.

Malama Hadiza: Mushe, masu ɗaukar "to" galibi abin da bai faru ba tukuna suke hange.

Mushe Sani: To avoid fa? Abin da ka kauce wa ya faru ne?

Alhaji Ilyasu: 'Ya'yana, ku daina raina hadda. Da ita aka riƙe karatun allo tun kaka da kakanni.

Malama Hadiza: Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba wanda ya taɓa karatun allo.

Malam Garba: Ku koma kan Hausa. "Na gama cin abinci": sunan aikatau ne ya biyo gama, daidai da "finish eating". "He stopped smoking", ya daina shan taba. "He stopped to smoke", ya tsaya don ya sha taba. "Remember to lock the door", kar ka manta ka kulle ƙofa. "I remember locking it", ina tune da na kulle. Hadda ba ta raba waɗannan, sai ma'ana. Tarko mafi muni shi ne "look forward to": wannan "to" ɗin ɗan'uwan without ne, shi ya sa ake cewa "look forward to hearing".

Mushe Sani: Ku da kuka yi karatu a Sakkwato komai sai ku ce Hausa. Yaran Abzinawa da Fulani da ke ajin fa?

Malam Garba: Wane yaro ne a Tawa ba ya jin Hausa? Kuma me ya kawo Sakkwato a nan?

Mushe Sani: Jarrabawa dai ba da Hausa ake yin ta ba.

Malam Abdu: To, na taƙaita. Mafi yawanmu sun yarda hadda ce maganin. Malama da Malam Garba sun kawo 'yan misalai, mun gode. Ran Litinin a fara da jerin Mushe Sani.

Malama Hadiza: Malam, ku uku ne, mu biyu, kuma Baba Alhaji ba ya koyar da Ingilishi.